Ƙasan Takalmin Sointu

Borås, 5 ga Nuwamba

Zuwa ga Kawu Aulis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da gida da dabbobi in kana da su. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ƙurar auduga da ke sa ni tari da safe.

Ba lalle ka tuna ni ba. Ni ce Sointu, 'yar Helmi, jikar Alma ƙanwar mahaifiyarka. Sau biyu muka taɓa haɗuwa, duka a wurin jana'iza, kuma a ta biyun ka ce ina tafiya kamar agwagwa. Shekarata huɗu ke nan da barin Finland, ina aiki a masaƙa nan Sweden kamar rabin 'yan matan ƙauyenmu.

Ga abin da ya kawo ni. Shekara uku da suka wuce na fara gudu, da farko don in fitar da ƙarar injuna daga kaina. A watan Satumba na yi kilomita arba'in da biyu ni kaɗai, ƙawata Terttu tana bi na a keke da agogo. Awa uku da minti goma sha biyu. Terttu ta rantse agogon ne ya lalace, muka kai wa mai gyara, ya ce lafiyarsa lau.

Ranar ashirin ga Mayu za a yi tseren lardinmu a gida, kuma bana ne za su fara barin mata su shiga dogon zangon. Wadda ta zo ta ɗaya za a ɗauke ta cikin masu yi wa ƙasa gudu. Ina so in tsaya a layin fara tseren nan, Kawu. Ban taɓa son wani abu haka ba, kuma ban san yadda mai gudu ke ratsa hunturu ba. Mama ta ce kai ka sani. Ta ce a zamaninka ba wanda ke shan gabanka daga can gida har bakin iyaka. Ta kuma ce kana da wuyar sha'ani, kada in damu in ba ka amsa ba.

Nan ruwa ake ta yi, yau kwana tara.

Taka,
Sointu

Korpivaara, 19 ga Nuwamba

'Yar Helmi,

Na ga takardarki, na gode da gaisuwa. Lafiyata lau, gwiwar hagu ce kawai ke yi mini hasashen yanayi, kuma ta fi rediyo gaskiya. Dabbobi kam kare ɗaya ne, shi ma ya tsufa. Na tuna ki. Ina nan kan bakana game da agwagwar, amma agwagwar da ta yi awa uku da minti goma sha biyu ta isa a ba ta amsa.

Uwarki ta ƙara gishiri. Akwai wanda ya sha gabana, itace ne. Ya faɗo mini a gwiwa a wurin saran daji, saura mako uku a tafi babbar gasa, ina ɗan shekara ashirin da shida. Ba na son maganar, na faɗa ne don kada ki ji ta a bakin wani.

Ga tsarin. Shi aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Daga ɗaya ga Disamba, awa biyu kullum a cikin dusar ƙanƙara. Ki nemi inda ta kai ƙwauri, in ta kai gwiwa ya fi. Kada ki ƙirga kilomita, kada ki yi sauri. Amfanin agogo ɗaya ne, ya gaya miki lokacin juyowa gida. Ran Asabar ki shiga sauna, ɗakin wankan turiri, ki gasa ƙafafun, ki ci baƙin burodi da man shanu ba tare da jin kunya ba. Hunturu rumbu ne, abin da kika zuba a Janairu shi za ki ɗiba a Mayu.

Ba na son ƙorafi, ba na son fashi. Wani abu kuma: masu gudun kwalta da agogo a hannu ban taɓa ɓata tawadata a kansu ba, ba kuma zan fara da tsufana ba.

Ruwan da kika ce ana yi na Nuwamba ne, dusa na biye da shi. Mu nan tun ranar tara ga wata ta rufe shingen lambu.

Kawunki,
Aulis

Borås, 14 ga Janairu

Kawu,

Barka da sabuwar shekara, da fatan gwiwa ta yi sauƙi, kare kuma yana nan da ransa. Lafiyata lau, tarin ma ya ragu.

Ka yafe mini jinkiri. Na so sai ina da abin nunawa kafin in rubuto. Yau kwana arba'in da biyar, ban yi fashin ko ɗaya ba, har ranar Kirsimeti. Muna tashi aiki ƙarfe biyu da rabi, kafin in ɗaura takalmi duhu ya fara, sai in fita ta bayan masaƙa in miƙe har agogo ya ce in juyo. Awa biyu cif. Makon farko na ɗauka mutuwa zan yi. Yanzu akwai wani wuri, can bayan awa ɗaya, inda kaina ke yin tsit, in daina jin injuna, sai numfashina kawai. Ina jin don wurin nan nake fita.

Terttu ta ce, "Mutane sai an kore su suke gudu, ke wa ya kore ki?" Na ce kawuna. Ta ce, "To ki gaya wa kawun ya zo ya riƙa shanya safar, ɗakinmu ya koma warin jiƙaƙƙen kare." Duk da haka ita ke ajiye mini miya a kan murhu.

Abu biyu ƙanana, ba ƙorafi ba ne. Takalmin da na saya a ƙarshen Nuwamba ya cinye, ƙasansa ya huje a mako shida. Sannan ƙwaurina na dama yana ɗan ciwo, wuri guda, in na danna da yatsa. Da na ɗumama yakan lafa.

Taka,
Sointu

Korpivaara, 24 ga Janairu

'Yar Helmi,

Gaisuwa. Muna lafiya, ni da gwiwa da kare. Sanyi ya kai talatin da ɗaya ƙasa da sifili ranar Talata, har itatuwa suna ƙara a daji.

Kwana arba'in da biyar ba fashi. To, ba laifi. Ba zan yabe ki ba don kada kanki ya kumbura, amma na karanta takardar sau biyu, kuma wurin nan da kika ce kai na yin tsit, na san shi.

Takalman Sweden kwalliya ce kawai. Nawa ƙafa ɗaya ya yi mini hunturu uku, har na bar wa ƙanena. Ga wani nan a ƙunshin, uwarki ta ba ni lambar ƙafarki. Ni da kaina na buga masa ƙananan ƙusoshi, goma sha biyu a kowane, don inda dusa ta daskare ta yi santsi. Ciwon ƙwauri kuwa na ɗago ƙafa ne daga cikin dusa, kowa yana yi a hunturunsa na farko. Ki taka shi, zai gaji ya tafi.

Tunda jikin ya karɓa, sai mu ƙara. Lahadi awa uku. Laraba ki nemi tudu, ki haura shi da tsalle sau goma, ki sauko da gudu. Dusa za ta tare ki, kada ki ji tsoron gangara.

Kawunki,
Aulis

Korpivaara, 25 ga Fabrairu

Sointu,

Gaisuwa, in har ana karɓar gaisuwar tsofaffi a Sweden. Ni lafiyata lau, ba wanda ya tambaya.

Wata guda ke nan da aika takalmi, ko "ya iso" ban samu ba. Kerttu mai kawo wasiƙu ta mai da ni abin dariya. Kullum ta tsaya a bakin hanya sai ta ɗaga jarida ta ce, "Yau ma babu, Aulis. 'Yar tseren taka ta tsere maka." Na ce mata ta kula da motarta.

Na zauna na yi tunani, abu uku ne. Ko kin samu saurayi, ko kin samu wani ɗan birni mai agogo da allon rubutu ya ce miki tsohon daji bai san komai ba, ko kuma awa ukun ta fi ƙarfinki kina jin kunyar faɗa. In na farko ne, Allah ya sa alheri. In na biyu ne, ki dawo mini da ƙusoshina. In na uku ne, ba ke kika fara ba, amma da kin faɗa da bakinki.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na riga na gaya wa duk masu zaman shan kofi a kanti cewa ranar ashirin ga Mayu jininmu zai tsaya a layin nan. Shekara talatin da biyar ban yi maganar gudu da kowa ba sai da kika rubuto.

Aulis

Borås, 4 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa. Ba ni da lafiya sosai. Sau biyar ina fara rubuta maka ina yagawa. Ga wannan a ƙunshin, na dama ne. Ka karanta shi da kanka.

Sointu

Korpivaara, 11 ga Maris

'Yata,

Ba zan tsaya gaisuwa ba. Takalmin ya iso ranar Alhamis.

Da farko na ɗauka ƙusoshina kika dawo mini da su, har na ajiye shi da ƙarfi a kan tebur. Sai ya kife, na ga ƙasansa. Ƙusa goma sha biyu na buga. Huɗu babu su, takwas ɗin da suka rage kawunansu sun goge sumul kamar an bi su da dutsen wasa wuƙa. Tsakaninsu baƙin tsakuwa ya cushe, a gefen fatar kuma ga farin zoben gishirin da ake zuba wa titi. Dusa ba ta cin ƙarfe, Sointu. Ko a hunturu goma ba za ta yi wa ƙusa haka ba.

Na fita na tare Kerttu, ɗanta ya yi aiki a wajejen ku. Na ce, "Dusa takan kai ina a can?" Ta dube ni ta ce, "Kai Aulis, can ai wani hunturun da laima ake yinsa. Ba ka sani ba?" Ban sani ba. Shekarata sittin da ɗaya, ban taɓa ganin Janairu da ƙasa a buɗe ba, kuma ban taɓa zama na yi tunanin akwai shi ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bari in faɗa miki abin da ya kamata in faɗa tun Nuwamba. Awa biyu a dusa mai kai gwiwa ba ta wuce kilomita goma sha biyu, huhu da cinya ke wahala, ƙashi kuwa yana sauka a kan taushi yana hutawa. Dalilin tsarin ke nan gaba ɗaya. Awa biyun nan a kan kwalta, da irin saurinki, ninki biyu ce, kuma kowane taku ƙashi ke karɓa. Ban bayyana ba don ni ma ba a bayyana mini ba, a nan ba wanda ke bukatar bayani. Sannan na ɗora miki ƙusoshi a ƙarƙashi, na ce ki sauko tudu da gudu.

Na ciro takardarki ta Janairu. Komai yana ciki. Takalmi ya huje a mako shida, ciwo wuri guda da ake dannawa da yatsa. Idona ya tsaya a kan kwana arba'in da biyar, ya tsallake sauran, don su nake son gani.

Ki manta da takardata ta Fabrairu in za ki iya. Ki gaya mini gaskiyar ƙafar.

Kawunki,
Aulis

Borås, 22 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ni ina samun sauƙi, ina tafiya da sanda ɗaya yanzu maimakon biyu.

Ka karanta daidai. Bana dusa ta sauka nan kwana uku kafin sabuwar shekara, ta narke kafin a share ta. Sauran duk ruwa ne da kwalta. Ranar Laraba, sha huɗu ga Fabrairu, a gangara ta bakwai, na ji ƙwaurin ya yi wani abu. Ba ƙara ba ce, ji kawai na yi ƙafar ba tawa ba ce. Na zauna a gefen titi har wata motar madara ta ɗauke ni.

Likitan ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mini tsagar, siririya ce, sai an kanne ido. Ya tambayi nawa nake yi a mako, na faɗa, ya cire tabarau. Ya ce, "Wa ya ba ki wannan tsarin?" Na ce kawuna. Ya ce, "Kun yi faɗa ne?" Terttu ta tuntsire da dariya, ni kuma na fashe da kuka, abin da ban yi ba ko a gefen titin. Mako goma sha biyu ba gudu. Ka ƙirga da kanka. Ranar da zan fara sassarfa, saura kwana goma sha ɗaya a yi tseren.

Na ji haushinka mako biyu cur. Da takardarka ta Fabrairu ta zo, Terttu ta ce in ba ta ta kunna murhu da ita. Amma in ina kwance ba abin yi, sai lissafin ya ƙi fita yadda nake so. Ni ma ina da alƙalami. Kalma biyu ce, "babu dusa". Kullum na zauna rubutu sai in tuna ka ce ba ka ɓata tawada a kan masu gudun kwalta, sai in ji tsoro kada ka daina amsawa. Na ce wa kaina awa biyun ce magana, ƙasa kuwa ƙasa ce. Na ba ka labarin safa da miya da duhu, na kewaye abu ɗayan da ya kamata ka ji. Ko maganar takalmin ma, ina jin na rubuta ta ne don ka kama ni.

Mayu ta tafi, Kawu. Na rubuta ne don in ga yadda take a takarda. Har yanzu da zafi.

Taka,
Sointu

Korpivaara, 21 ga Mayu

'Yata,

Gaisuwa, da fatan an ajiye sandar. Ni lafiya. Kare ya mutu a Afrilu, ya yi shekarunsa.

Jiya na hau motar safe na je wurin tseren. Ban san me ya kai ni ba, wataƙila don na gaya wa mutane jininmu zai tsaya a layin, sai na ga gara ko tsoho ne ya tsaya a gefensa. Mata goma sha ɗaya suka shiga, an jera su a bayan maza. Rana mai kyau, ba iska, irin wadda mai gudu ke roƙo.

Za ki gani a jarida, gara ki ji daga gare ni. Wadda ta zo ta ɗaya malamar makaranta ce, ta yi gudu mai tsabta. Awa uku da minti goma sha tara. Na duba agogona, na duba allon, na sake dubawa. Minti bakwai, Sointu. Da ban amsa takardarki ta farko ba, da kin ci gaba da abin da kike yi ke da Terttu da kekenta, da yau sunanki ne a jaridar.

Ni itace ne ya raba ni da layina, kuma itace ba ya karatu, ba wanda ya aika masa takarda yana gaya masa inda ke ciwo. Na daɗe ina jin an zalunce ni. Jiya a motar dawowa na ga yadda abin yake daga ɗaya gefen.

Ki nemi wanda ya san kwalta a can ya horar da ke. Akwai su, kuma ba wawaye ba ne kamar yadda na ce.

Kawunki,
Aulis

Borås, 10 ga Yuni

Kawu,

Ƙasa: ciyawa, a filin bayan coci, mai laushi. Lafiya: lau. Daga yau haka kowace takarda tawa za ta fara, ƙasa kafin lafiya, kai ma haka nake so ka yi. Na yi baƙin cikin kare.

Na ga jaridar. Na yanke wurin na ajiye, ranar da na ji kasala sai in duba. Ina yin minti ashirin yanzu, ƙafar ba ta ce komai ba.

Ban karɓi sallamar ba. Ba kai ka ɗauke ni aiki ba balle ka kore ni. Tsarinka ba ƙarya ba ne, dusa ce babu, kuma na san inda take. Mama ta ce makarantar Korpivaara na neman mai dafa abinci daga Disamba. Na rubuta musu, sun amsa. Terttu ta ce, "Kowa yana gudun ƙauye, ke kina gudu zuwa ƙauye." Akwai wata Mayun, malamar nan ma sai ta zo kare kambunta.

Ka gyara ɗakin baya.

Taka,
Sointu

Korpivaara, 18 ga Nuwamba

'Yata,

Ƙasa: dusa, ta sauka tun ranar goma ga wata, jiya na shiga da kaina na auna, ta kai gwiwa. Lafiya: gwiwar ba ta ji daɗin awon ba, sauran jiki lau.

Ɗakin baya ya gyaru, Kerttu ta kawo labule ba wanda ya roƙe ta. Na fara taka miki hanya daga bayan sauna, ta kewaye fadama ta dawo ta bakin tafki. Da awa ɗaya za mu fara, ba biyu ba. Kowace Asabar za ki cire takalmi ki miƙo mini in juya shi, sannan ki danna ƙwaurin a gabana ina kallon fuskarki.

Motar yamma tana tsayawa a bakin kanti, zan jira a can ranar ɗaya ga Disamba. Ki zo da takalmin nan na hagun in kin ajiye shi. Na daman yana nan a kan taga, a kife, inda nake ganinsa kafin in ɗauki alƙalami.

Kawunki,
Aulis